Madatsar da Aka Gina Sau Uku

Ni ne Nitai, ɗan Gobinda mai kwale-kwale.
Gidanmu na bakin kogin Shibsa,
inda ruwan gishiri ke shigowa da dare babu sallama,
ya lashe shinkafa tana tsaye.

Sau uku aka gina mana madatsa.
Ta farko a takarda,
ta biyu a bakin ɗan takara,
ta uku da ƙasa, amma ƙasar rabin kuɗi ce,
ɗaya rabin ya zama bene a Khulna, mai fenti ruwan ƙwai.
Da guguwa ta zo ba ta nemi ganin takarda ba.
Ta kwashi awakinmu huɗu da tukunyar mahaifiyata,
ta bar mana kifi a ƙarƙashin gado.

Sai ga wata dattijuwa daga Holan, Wietske sunanta,
kai fari fat, takalmin roba har gwiwa.
Kwana tara ina tuƙa ta.
Ta ce su ma garinsu ƙasa da teku yake,
suna kwana ruwa na bisa kansu kamar bashi.
Na ce, to me ya hana ku nutsewa? Siminti?
Ta yi dariya har ta ƙware.
Ta ce, taro.
Taro mai gundura,
inda manomi ke tambayar injiniya ina kwabo ya shiga,
kuma ba a tashi sai an ba shi amsa.

Ban yarda ba.
Na ce a raina, mai ƙoshi ke koya wa mayunwaci haƙuri.

Ashe Shefali Mondol, malamar firamare, ta ji.
Ta samo baƙin fenti, ta hau bangon makaranta:
nawa aka aiko, kwandon ƙasa nawa aka zuba,
wa ya karɓa, ran wace.
Shugaban gunduma ya aiko a shafe. Aka shafe.
Gari na wayewa yara sun haddace lissafin,
suna rera shi a kasuwar jatan lande.
Wa zai shafe bakin yaro?

Bana mun dasa itatuwan gaɓa, masu saiwa kamar yatsu.
Jikata Purnima ke ƙirga su,
dubu biyu da 'yan kai, akuya ta ci wasu.
Madatsarmu ba ta kama ƙafar ta Holan ba,
har yanzu tana yoyo ta bayan haikali.
Amma mun san tsawonta, mun san kuɗinta,
mun san ƙofar da za mu buga in ta tsage.

Jiya ruwa ya taso tsakar dare,
ya shinshini ƙasar, ya koma.
Ban ce ya tafi ke nan ba.
Na dai yi barci,
ban ɗaure igiyar jirgi a ƙafata ba.