Awon Ƙirji

Kafin rana ta taɓa duwatsun Birni
mu bakwai muke haɗuwa bakin filin ƙwallo,
ni da Cima mai ƙosai da Zulai ta gidan waya
da wasu huɗu da na fi sani da zanensu.
Takalmina na kasuwar Dole,
ƙafar hagu ta fi ta dama saki.

Zagaye na fari, hira.
Na biyu, hira ta ja baya, sai ƙarar takalma.
A na uku yake zuwa,
ba sallama, ba gyaran murya.

Shekara goma sha tara ina ɗinki a Zango,
na san rigar da aka yanka ba awo,
yadda take cin hammata, ta hana mace ɗaga hannu.
To haka.
Wani mugun tela ya shiga cikina,
ya rage yatsa uku kowane gefe,
ya ja zare, ya ƙulle, ya cije.
Ga iska cike da fili,
ta ishi Damagaram duka har da awakinta,
ni kuwa ina jan rabona ta kafar allura.

Na dafa gwiwa.
Maƙogwaro na fito kamar butar shayi kan gawayi.
Cima ta ce, teɓa ce, Baraka, daure.
Zulai ta miƙo ruwa,
na sha, ya bi hanyarsa,
ba can ne aka toshe ba.

A gida Inna ta ce iska ce.
Wa ya aike ki gudu da asuba,
masu wurin ba su ko koma ba?
Ta sa garwashi, ta barbaɗa turare,
hayaƙi ya ƙara wa telan zare.
Na ce, Inna, da iska ta kama ni ai da na gode,
guduwa ta yi ta bar ni.

Sati uku ban fita ba.
Na ce ɗinkin biki ya yi mini yawa.
Takalmin na bayan ƙofa yana kallona.

Likitar sa'ar ƙanwata ce.
Ta ɗora ƙarfe mai sanyi a bayana:
ja, saki, ja, kada ki ji kunya.
Ta saurari zuciya, ta ce lau.
Ta tambayi tarin dare, ta tambayi dangi,
sai ga babana a idona,
yana saukowa daga keke a tsakiyar tudu,
yana turawa, baki buɗe,
yana ce mana sarƙa ce ta yi tsatsa.
Shekara talatin na yarda da sarƙar nan.

Fuka ce, in ji ta, irin mai kwanciya
sai an motsa ta tashi.
Ta rubuta mini wani ɗan abu shuɗi,
bai fi ƙwaryar zare ba,
kuɗinsa ɗinkin riga biyu.
Ki shaƙa kafin ki fara, ki fara a hankali,
in ya matse ya ƙi saki, ki zo, ko tsakar dare ne.

Na koma.
Yana ƙulle a bakin zanena tare da makullin shago.
A zagaye na uku ina kasa kunne
kamar mai jiran takun mai bin bashi.
Wata rana yakan leƙo. Na tsaya, ya wuce.
Jiya na yi biyar.
Cima ta yi nisa, ban bi ta ba,
ina jin iska na sauka har ƙasan haƙarƙari,
sanyi-sanyi, kyauta.

Yanzu in na yanka wa mace riga
nakan bar mata yatsa biyu a ƙirji,
ko ba ta ce ba.