Daren Alhamis a Shagon Wendell

Ruwa na dukan gadojin Pittsburgh,
mu bakwai a ɗakin ƙasa na shagon Wendell,
tsakanin kwalayen tsofaffin mujallun zane
masu warin danshi da yarinta.
Labari ya iso: za a sake fim ɗin Zalɓe daga tushe,
karo na huɗu, wai sabon zubi.

Otis direban bas ya doki tebur:
"Kada a ƙara kashe masa uba!
Sau uku bawan Allahn nan na faɗowa daga gada ɗaya,
sau uku muna biyan kuɗi mu je masa jana'iza.
A bar tsoho ya zauna ya sha gahawarsa."

Rosalind, da rigar asibiti ba ta ko cire ba,
ta ce a ba jarumin shekara sittin da ciwon gwiwa.
"Mai kwana a ƙafa ɗaya bisa ƙarfe mai sanyi,
ai komai daɗewa sai ya shigo layinmu."

"Mugun fa?" in ji Tobias, baki cike da fiza.
"Na ƙoshi da masu son haɗiye duniya.
A kawo mana mai gidan haya,
mai ƙarin kuɗi duk Janairu,
bututu na yoyo, ya ce gobe."
Muka kwashe da dariya, ban da Wendell.
Takardar tashi na ninke a aljihunsa,
duk mun sani, ba mai faɗa.

Madam Kowalczyk tela ba ruwanta da labari.
A rage alkyabbar taƙi biyu, shi ke nan.
Tun fim na farko take jiran ƙofa ta cafke ta.

Sai Lucius, wanda ba ya tanka wa kowa,
shekara talatin da ɗaya yana sharar titin birnin nan,
ya juya hularsa a hannu:
"In an gama dambe, an rushe rabin unguwa,
jarumi ya tashi sama, kiɗa ya ɗauka,
kada a kashe kyamara.
A dakata minti ɗaya tak.
A nuna asuba, a nuna gilashi a ƙasa,
a nuna wanda ya zo da tsintsiya."

Shiru ya sauko ya zauna cikinmu.
Sama da kanmu bas ta wuce, kwan fitila ya girgiza.

Ni na rubuta duka a murfin kwalin fiza,
maiƙo ya cinye rabin maganar Otis.
Mun san masu fim ba za su gani ba,
wanda ya biya makaɗi shi ke zaɓen take.
Za su sake tunkuɗo uban daga gada,
mu kuma mu yi layi cikin sanyi, muna mita,
tikiti bakwai, kujeru a jere,
ta bakin hanya ta Lucius ce,
don shi ba ya tashi sai an kunna fitilu
ya gaisa da yaran da ke shigowa shara.