Famfon da Ya Yi Gardama

Mun ɗaura bel, mun yi bisimilla,
ni da Tasi'u ɗan ƙanwata.
Legas za mu, likitan ido na jira.
Jirgi ya yi gurnani, ya ja numfashi,
sai ya yi tsit kamar an tuna masa bashi.

Matuƙi ya ce famfon mai ne,
na fiffiken hagu, jar fitilarsa ta ƙi mutuwa.
Wani mai kwat ya ja tsaki, taronsa ƙarfe biyu.
Wata ta ce tun daga Ƙofar Ƙaura gabanta ke faɗuwa.

Ni kuwa shekara talatin ina kwance famfon rijiya
daga Batagarawa har Rimi.
Ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai a ƙi saurara.
Nawa in ya tsaya, a koma da bokiti wayam.
Wannan in ya tsaya a saman Kwara,
wa zai koma?

Ta taga, da idon da ya rage mini,
na hango yaro kan tsani
ya cusa hannu a haƙarƙarin jirgi,
ya zaro, ya sansana, ya girgiza kai.
Na ce, Tasi'u, wancan ɗan gidanmu ne.

Aka sauke mu bayan azahar.
Kwalta na tafasa, mai kwat na faɗa da waya.
Na taka Katsina da ƙafafuna biyu,
na ce a damo mini fura.
Ido ya jira gobe,
yanar nan ba yau ta fara ba.