Mai Kwale-kwale Ya Sami Fuska

Littafi bakwai na sha a Aboabo,
shekara uku ina tara kuɗin kokon safe
ina kai wa Baba Issaka a bakin Kejetia,
a mayar da tsoho, a ƙara sidi biyu, a ɗauki na gaba.
Na huɗu ya zo ba bango.
Wani ya ci wake da shinkafa a kan shafi na casa'in,
shito ya rufe sunan garin da dodanni suka ƙone.
Har yau ban san sunan garin ba.

Babu hoto ko ɗaya, baƙi ne a kan fari,
layi na bin layi kamar tururuwa ta ji sukari.
In an ɗauke wuta, tocila a baki,
ni ce magini, ni ce marini.
Na ba jarumar goshin Sahadatu 'yar ajinmu,
na ba maƙiyinta muryar yaron motar Asawase.
Kogin da suka haye kuwa Subin ne bayan ruwan sama,
sai dai babu leda.

A na uku akwai mai kwale-kwale.
Layi biyu aka ba shi:
“Ku zauna tsakiya. Kada kowa ya kalli ruwa.”
Ya sauke su, labari ya wuce ya bar shi a gaɓa.
Ni ma na wuce.

Jiya Muniru ɗan ƙanwata ya faɗo shago
da wani siririn littafi mai sheƙi, duk zane.
Reshe ne, in ji shi, daga waccan bishiya.
Mai kwale-kwale tun daga bango!
An ba shi fuska, an ba shi yatsu tara,
an ba shi 'ya.

Minti arba'in ya cinye shi a tsaye,
kafin in gama kalmasar zanen wata amarya.
Na ce, wannan lasa ce, ba ci ba.
Ya ce, “Naku fa, Anti? Shafi goma kafin a buɗe ƙofa.”

Da dare na ɗauka don neman abin kushewa,
na kuwa samu.
Ga jarumata can a akwati guda, daga nesa,
babu goshin Sahadatu, gashi har gadon baya.
Na ji kamar an shiga ɗakina ba na nan
an sauya wa gado wuri.

Sai na iso wani shafi da babu kalma.
Akwati shida.
Hannu. Filafili. Ruwa.
Hannu kuma. Ruwa kuma, ya yi lumui.
Na shida, warin takalmin yarinya a ƙasan jirgi.
Tsakanin akwati da akwati akwai farin lungu,
siriri kamar lungunan zango
inda mutum biyu ba sa giftawa sai da gaisuwa.
A nan na faɗa.
Mai zane bai zana nutsewar ba,
ya miƙo min alƙalami ya juya baya,
kamar yadda wancan ya bar min fuskoki in cike.
Ashe kowa da inda yake ɓoye wa mai karatu aiki.

Da safe na kakkaɓo na ɗaya daga ƙasan akwatin atamfa.
Muniru ya auna shi a tafin hannu kamar doya.
“Mai kwale-kwalen yana ciki?”
Na ce, sai na uku.
Ya yi tsaki, amma ya sa a jaka.

Zai isa can wata rana.
Layi biyun da na tsallake kamar kwata
shi za su tsayar da shi,
zai ƙirga yatsun da marubuci bai taɓa ƙirgawa ba.

Na bi shi har bakin titi ina kira:
in ka ci karo da na huɗu mai tsabta,
duba min shafi na casa'in.