Gawona Ya Kama Aiki

Ran Laraba, bayan la'asar,
wata farar mota ta tsaya bakin gonata a Sandamu.
Yara biyu, ɗaya da igiyar awo,
ɗaya da waya mai faɗin faranti,
suka wuce gero, suka nufi gawo, ina bin su da mamaki.

Suka zagaya masa igiya a ƙugu
kamar tela zai yanka wando.
Lawandi, jikan Barau mai gyaran keke,
ya ce, "Baba Nomau, itacen nan
daga yau ya kama aiki."

Aikin me? Shekara arba'in na san shi,
bai iya komai ba sai gardama:
damina ya tuɓe, rani ya sa riga,
awaki su ci 'ya'yansa,
ni in ɗaure jaki.

Ya ce can bayan teku
akwai masana'antar da ba ta barci,
numfashinta ne ya rikita mana damina.
Kabon sunan abin, gawo kuwa haɗiye shi yake.
Za a auna abin da ya haɗiya, a yi takarda,
su saya, kuɗi su biyo ta banki.

Sharaɗi guda: kada gatari ya taɓa shi.

Na dangwala yatsa.
Tsahare ta ce, "Wato mai shanu ya biya kuɗin ɓarna
tun kafin a yi shuka,
don ya saki garkensa da hujja?
To ni da me zan tuƙa tuwo?"
Ta juya, ta ja tsaki.

Wata goma sha huɗu, shiru.
Rannan waya ta yi ƙara a aljihu:
dubu tara da ɗari shida.
Nawa aka sayar a can?
Lawandi ya sosa ƙeya, ya ce lissafin yana Abuja,
daga Abuja yana wani wuri.
Na gane. Zuma ce, hannu da yawa ta bi
kafin ta iso baki.

Na saya wa Kyauta silifas,
saura na auno taki.

Da magariba na jingina da shi.
Na ce, gawo, kai da ko Kongolam ba ka taɓa zuwa ba,
yau kai ke yi wa Turawa sharar sama?
Bai tanka ba.
Ɗa guda ya faɗo, akuya ta riga ni.

Daga nan ina hango gida.
Tsahare ta hura kara a murhu,
yana tashi siriri ta kan danga.
Ba wanda ya zo da igiya
ya auna nata hayaƙi.