Katuna Arba'in

Shekara bakwai ina tebur guda
a tashar jiragen ruwan Surabaya,
ina ƙirga kwantena kamar mai jan carbi:
wannan kanumfari, wannan roba, wannan kofi mai tafiya Turai.
Na ɗauka aiki yana da baki,
in ka kyautata shi zai ambaci sunanka.
Ashe bebe ne.

Ranar da aka ƙara wa Handoko girma,
wanda ni na koya wa cike takarda,
na shige banɗaki na kunna famfo
don kada a ji.
Ibu Retno ta tarar ina wanke fuskar da ba ta yi datti ba.
Ba ta lallashe ni ba.
Ta ce, "Wulan, ke rijiya ce, ruwanki da daɗi,
amma ciyawa ta rufe bakinki.
Wa ya san hanyar zuwa?"

Kwana uku ina gaba da ita.
A na huɗu na biya kuɗin ajin dare,
dokokin kwastan da na sufurin teku,
Talata da Alhamis, bayan isha'i.
Babur ɗina ya haddace kowane rami na titin Perak.
Ruwan Janairu ya jiƙa mini littafi biyu,
na shanya su bisa murfin tukunyar shinkafa.
Turancina gurgu ne, na koya masa tafiya
a gaban madubi, ƙanwata na ƙyaƙyata dariya a bayan ƙofa.

Sai na buga katuna arba'in, sunana da baƙin tawada.
Taron wakilan jiragen ruwa,
otal mai sanyi kamar cikin firji.
Kowa ya san kowa.
Na jingina da bango kusa da teburin shayi,
katunan suna shan gumin tafina.
Awa biyu ban ce uffan ba.

Har na ɗauki jaka,
wani dattijo, Pak Sudarmo, ya ɓarar da kofi a rigarsa.
Na miƙa masa hankici.
Yana gogewa yana mita shi kaɗai:
kirfarsa ta kwana goma sha ɗaya a tasha,
ba wanda ya san dalili.
Na ce in ga takardar.
Ya nuna mini a waya.
Lamba guda ce ta kauce, bakwai a gurbin ɗaya.
Ya dube ni, ya sake duban wayar,
ya karɓi katina mai laima da hannu biyu.

Shiru.
Wata takwas.

An ce zumunta a ƙafa take,
tawa a yatsa ta yi tafiya:
gaisuwar Sallah,
sai layi biyu ranar da doka ta sauya,
ban roƙi kome ba.
Wani lokaci ya amsa, wani lokaci ko oho.
Na ci jarrabawa, na faɗi guda, na sake zama.

Kiran da ya zo ba nasa ba ne.
Surukarsa ce daga Semarang,
tana neman mai idon da ke ganin lambar da ta kauce.
"An ce mini ke."
Kalma huɗu.
Shekara bakwai ina jiran aiki ya furta su,
sai bakin mutum ya furta.

Katuna talatin da bakwai suna nan cikin durowa,
da tsohuwar lamba, da tsohon muƙami.
Ɗaya na ba wata mata da ba ta taɓa kira ba.
Ɗaya na tokare ƙafar tebur da shi.

Yanzu akwai yarinya a ofishina, Larasati,
ba ta kuskure, ba ta magana.
Ɗazu na ji famfo ya daɗe yana zuba.
Ga ni a bakin ƙofa,
da hankici,
da takardar gayyatar taron Alhamis.