Naɗi Goma Sha Huɗu

Cima ta zo rumfata a Zango da hantsi,
ta ce madararta ba ta hucewa.
Lita arba'in take dafawa,
kafin ta sa yami, la'asar ta karya,
kasuwar Dole tana watsewa.

Na ɗauko tiyon jan ƙarfe, kaurin ɗan yatsa,
na naɗe shi a jikin tsohon turmi,
ya fito kamar gammo.
Na ce mu tsoma a tano, ruwa ya yi saura.
Ta ce: ruwa, a Damagaram?
Ka san nawa ɗan garuwa ke yankewa?

Sai na zauna da bik da takardar siminti.
Tamanin da biyar take shiga,
arba'in da uku ake so ta fita,
zafin da yatsa ke jurewa.
Abin da madara ta zubar, ruwa ke ɗauka,
zafi ba ya ɓata, gida yake sakewa.
Tano ya kwana a talatin,
zai tashi aiki a talatin da takwas.
Da fari tazara na da faɗi, zafi na gudu,
can ƙarshe sai jan ƙafa,
kamar jaki ya hango dutsen Birni
da kaya bisa, ga rana na hawowa.

Naɗi tara na lissafa.
Muka zuba. Hamsin da biyar.
Cima ba ta ce komai ba, ta gyara lulluɓi,
shirun ya fi zagi ƙonawa.

Mutari, yarona, ya tsoma hannu har gwiwa:
maigida, sama ɗumi, ƙasa sanyi,
ruwan gefen tiyo ya ƙoshi, ya zama bargo.
Ya ari muciya wajen mai tuwo, ya juya.
Arba'in da takwas.
Wannan takardata ba ta san da shi ba.

Na ƙara naɗi biyar, na matse famfo
har madara ta koma zare.
Arba'in da uku, da ɗan ɗoriya.

Ruwan ɗumin ta wanke tukwane da shi,
ragowar ta ba wa zogale.
Na ce in wata ya kama, ƙanzo zai kwanta a ciki,
lissafin nan zai soma ƙarya.
Ta ce in ya yi, a turo mata Mutari.